Damina Ba Ta Jiran Takarda

Manoman da ke jin mu daga bakin gona, direbobin da ke kan hanya, iyayenmu mata da ke tsakar gida rediyo na gefen murhu, duk ina gaishe ku.

Yau da abin da idona ya gani zan fara. Shekarun baya na je wani ƙauye can arewa da mu, wajen ƙarshen Oktoba, an gama girbin gero ana ɗaurin dammuna. A ƙofar gidan mai gari sai na tarar da dashen itatuwa jibge cikin baƙaƙen ledoji, darbejiya da bagaruwa da 'yan mangwaro, ganyensu har ya fara yaushi. Na ce, ranka ya daɗe, waɗannan fa? Ya ce shekaranjiya mota ta sauke su, an ce a raba wa jama'a su dasa. Na ɗaga kai sama, ko ɗigon gajimare babu, iskar hunturu ma ta soma kaɗawa. Mai gari ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai awaki sun gode."

To, jama'a, mai yiwuwa ne ko kwabo ba a sace ba a wannan aiki. Dashe ya zo cif yadda aka rubuta, an ƙirga, an sa hannu, an biya. Amma kuɗin sun tafi a banza, domin kayan sun iso bayan damina ta yi sallama. Wanda kuwa ranar isowar kaya take hannunsa, mutum ne da yawancinmu ba mu taɓa jin sunan kujerarsa ba, wato jami'in sayayya da ba da kwangila. A kansa za mu yi magana yau.

Dalilin ɗauko zancen shi ne, kuɗin da ke shigowa Arewa da sunan yaƙi da sauyin yanayi ba ƙanana ba ne. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin da ake kira ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Kafinsa an yi NEWMAP, wanda aka fara a 2012 don yaƙi da zaizayar ƙasa. Ga kuma shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta rungumi aikinsa a 2007, wanda a Najeriya ya shafi jihohi 11 na bakin hamada. A nan ina so ku kasa kunne sosai. Mun saba cewa "kuɗin tallafi", to amma waɗancan dala miliyan 700 rance ne. Rance mai sauƙi, gaskiya, mai dogon wa'adi, amma dai bashi ne, kuma jikokinmu na cikin masu biya. Saboda haka duk dashen da ya bushe a ƙofar mai gari, da kuɗinmu ya bushe.

Mafi yawan waɗannan kuɗi ta ƙofar kwangila suke fita. Ko madatsar ruwa za a gyara, ko kwazazzabon da ke cin gidaje za a toshe, ko rijiyar burtsatse mai sola za a haƙa, ko iri mai jure fari za a raba, sai an saya, ko an ɗauki wanda zai yi. Jami'in sayayya shi ne mai gadin wannan ƙofa. Kowace jiha tana da ofishin gudanar da shirin ACReSAL, da shugabansa, da injiniya, da akanta, da masu kula da muhalli da haƙƙin jama'a, sannan da shi wannan jami'i. A Abuja kuma akwai ofishin tarayya da ke duba na jihohi.

In kuna son ku gane aikinsa, ku tuna wanda dangi ke aika wa Kantin Kwari haɗo lefe. Kuɗin ba nasa ba ne, kayan ba shi zai ɗaura ba, ranar biki kuma ba shi ya sa ba. Abin da ake nema gare shi shi ne ya san atamfar kirki, kada ya haɗa baki da mai shago, ya dawo da lissafi, kuma kaya su iso kafin ranar kai lefe. In ya kawo su bayan an kai amarya, komai kyansu ya kunyata gida.

Aikinsa na farko tsari ne, kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi tun ba a fita fage ba. Dokar sayayya ta Bankin Duniya, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2016, ta ce kafin a taɓa kuɗi sai an rubuta jadawalin abin da za a saya, akalla na watanni 18 na farko: mene ne, nawa ake hasashen zai ci, ta wace hanya za a saya, kuma yaushe. Ana shigar da shi cikin wata manhajar intanet ta bankin mai suna STEP, inda kowane mataki ke barin sawu.

Jami'in da ya san aikinsa, daga baya yake ƙirgowa. Bari mu yi lissafin tare. A yawancin ƙasar Hausa, in ana son dashe ya kama, sai a sa shi a ƙasa cikin Yuli, ruwa ya zauna, don ya sha markar Agusta ya yi saiwa kafin rani. Dashen nan kuwa sai ya yi wata uku ko huɗu a gandun reno. Ke nan tun Maris ya kamata mai reno ya zuba iri a leda. Mai reno ba zai zuba ba sai ya riƙe takardar kwangila a hannu. Kafin a kai ga takardar kuwa, sai an rubuta bayanin abin da ake so, an yi talla a jarida, an ba masu nema lokaci su shirya, an buɗe, an tantance, an jira ƙorafi. Wannan kaɗai yana iya cinye wata uku zuwa biyar. Kun ga ke nan itacen da za a dasa a Yuli, tun ana kaka ya kamata a fara takardarsa. Wanda ya fara talla a watan Mayu, shi ne mai aiko wa awaki kalaci a Oktoba.

Aikin gini kuwa lissafinsa a juye yake. Mai toshe kwazazzabo ko gyaran madatsa rani yake nema. In aka ba shi wuri a watan Yuni, ya tone ƙasa ya tara, ruwan farko zai kwashe ta ya zuba wa mutanen gangare, ramin ma ya fi da faɗi. Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ruwa ke yi in madatsa ta gaza, tun bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumban 2024. Wannan shi ne bambancin sayayyar ayyukan yanayi da sayen kujerun ofis. Kujera in ta makara wata biyu, a zauna a tabarma. Dashe in ya makara wata biyu, an yi asarar shekara guda.

Sai rubuta bayanin kaya. Wannan wuri ne da ba a cika lura da shi ba, alhali a nan ɓarna mai wayo take ɓuya. In aka rubuta "dashen itace dubu ɗari" aka yi shiru, ɗan kwangila yana da damar ya kawo duk abin da ya samu da araha, ko da irin da aka reno a kurmi ne, wanda bai san zafin Yusufari ko Illela ba. Jami'in kirki zai zauna da malamin daji su rubuta: wane iri, tsawonsa nawa, a ina aka rene shi, wa zai yi shinge, wa zai yi ban ruwa a ranin farko. Ni a ganina ma, kwangilar dashe da ba ta ɗaure wani kaso na biya da yawan itatuwan da suka rayu bayan shekara ba, kwangilar sayen leda ce kawai. Haka famfon sola: zurfin rijiya nawa, lita nawa zai ba da a yini, in ya lalace a wace kasuwa za a sami kayan gyaransa. Ƙauyuka nawa ne ke da tankin ruwa a sama, fanel na sheƙi, amma mata na tafiya rafi, don wani ɗan ƙarfe ya ƙone kuma babu irinsa a ƙasar nan?

Akwai kuma akasin haka. Wani sai ya tsuke bayanin, ya rubuta shi daidai jikin kamfani guda, kamar tela ya auna mutum ya ɗinka masa riga, sannan a ce kowa ya zo ya gwada. An yi talla, an cika ƙa'ida a ido, amma tun a ɗaki an san mai rigar. Shi ya sa doka ta hana ambaton sunan wani kamfani a bayanin kaya, sai in ba makawa, kuma ko an ambata sai an ƙara da cewa ko makamancinsa.

Bari in ɗan ratse. Wani lokaci tambayar da ta fi kowace amfani ita ce, shin wannan abu sai an saya? 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980, suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta cewa ta haka ƙasa mai faɗin hekta miliyan biyar ta farfaɗo. Ba motar dashe, ba ɗan kwangila. Dokar bankin ma ta yarda a ba al'umma aiki su yi da hannunsu in hakan ya fi dacewa, kamar haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwa. Sai dai irin wannan aiki ba ya da la'ada, shi ya sa ba kowa ke son sa ba.

Mu koma kan hanya. In an gama rubutu sai talla. Babbar kwangilar da ake gayyatar kamfanonin duniya, akalla kwanakin aiki 30 ake bayarwa. Ƙananan kaya kuwa ana iya neman farashi daga wurare akalla uku a kwatanta. A nan ma akwai dabara: a ɗauki babban aiki a yanyanka shi ƙanana-ƙanana don kada ya kai adadin da zai tilasta talla. Wannan haramun ne a dokar bankin, haramun ne kuma a dokar sayayya ta Najeriya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan sayayyar gwamnati.

Ranar buɗe takardu, a bainar jama'a ake yi. Lokaci na cika a rufe akwati, wanda ya makara ko da minti biyar ne a mayar masa da ambulan ɗinsa ba a buɗe ba. A karanta sunan kowane kamfani da farashinsa da ƙarfi, a rubuta, a sa hannu. Dokar 2007 ta ce a kwangilar tarayya a gayyaci 'yan sa ido, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar farar hula. Na taɓa zama a irin wannan taro, kujeru jere, amma ban da ma'aikata da wakilan kamfanoni babu kowa. Mutanen garin da za a yi wa aikin ko labari ba su ji ba.

Daga nan sai kwamitin tantancewa ya shiga ɗaki. Ku lura, jami'in sayayya ba shi kaɗai ke zaɓe ba, kuma bai kamata ya zama shi ba. Injiniya na duba ƙwarewa, akanta na duba ƙarfin aljihun kamfani, shi kuma yana tsare ƙa'ida, yana tabbatar da cewa ma'aunin da aka sanar a talla da shi aka auna kowa, ba a sauya mudu a tsakiyar ciniki ba. Duk wanda ke da ɗan'uwa ko hannun jari a cikin masu nema, wajibi ne ya faɗa ya fita. Wanda ya ba da kwangila ba shi ke biya ba, wanda ya biya kuma ba shi ke binciken littafi ba. An raba ne da gangan, don ba a ba kura ajiyar nama.

Mutane da yawa sun ɗauka mafi araha shi ke ci. Ba haka ba ne. Wanda ya cika sharuɗɗa, yake da kayan aiki da gogewa, sannan farashinsa ya fi dacewa, shi ake nema. Hasali ma in farashi ya yi ƙasa ƙwarai har ya ba da tsoro, dokar bankin ta ce a kira mai shi ya yi bayanin yadda zai yi aikin da wannan kuɗi, in ya kasa a ajiye shi. Araha ba ta ado. Mun sha ganin wanda ya karya farashi ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya kai buhun siminti goma da tifa ɗaya ta yashi, daga nan sai wayarsa ta daina shiga. Maganin wannan shi ne takardun lamuni na banki: ɗaya a kan kuɗin somin aiki, ɗaya a kan kammalawa, sannan a riƙe wani kaso har a ga aikin ya ci damina bai tsage ba. Jami'in da ya bari wa'adin lamunin nan ya ƙare yana barci, ya saki akuya ya kama igiya.

Manyan kwangiloli sai an aika wa bankin ya duba ya ce ba shi da ja kafin a ci gaba. Ƙanana kuma a yi, daga baya masu bincike su zo su ɗebi wasu su duba. In aka samu an karya ƙa'ida, bankin na iya cewa ba da kuɗinsa ba, jiha ta biya daga aljihunta. Kamfanin da aka kama da cin hanci ko takardun bogi kuwa ana sa shi a jerin waɗanda aka haramta wa kwangila, jerin yana nan a shafin bankin kowa na iya gani, kuma tun 2010 manyan bankunan raya ƙasashe, har da Bankin Raya Afirka, suka yi yarjejeniyar cewa wanda ɗaya ya kora, sauran ma sun kore shi.

'Yan kwangilarmu na gida, ga taku. A yawancin manyan kwangilolin bankin, bayan an sanar da wanda ake niyyar ba wa, akwai kwanakin aiki goma da ake dakatawa kafin sa hannu. A cikinsu kana da haƙƙin ka nemi a gaya maka dalilin faɗuwarka, kuma ka shigar da ƙorafi a rubuce. Da yawanmu sai mu tafi majalisa mu ce ai an yi cuwa-cuwa, alhali takardar haraji ce ta ƙare, ko an manta sa hannu a shafi guda. In ma cuwa-cuwar aka yi, maganar majalisa ba ta shiga fayil.

Kada kuma ku ɗauka jami'in sayayyar nan a inuwa yake zaune. Waya na shigowa daga sama, a ce "yaron nan namu ne, a duba shi." Gida na kira, abokai na kira. Ga shugaban shiri na matsa masa don an ce jiharsu ba ta kashe kuɗi da sauri. Ga kuma naira: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Fanel da famfo da batir daga waje ake shigo da su. Duk kwangilar da aka sa wa hannu ba tare da sharaɗin daidaita farashi ba, ta zama rigima, wasu ayyukan suka tsaya cak. Hango irin wannan tun kafin a sa hannu yana cikin aikinsa. Ni ina ganin ƙasar nan ta fi yawan jami'an da tsoro ya sa suke jan ƙafa a kan waɗanda suke sata. Mutum ya ajiye fayil mako uku don kada a ce ya yi kuskure, ya manta cewa hadari ba ya duba fayil. A aikin yanayi jinkiri ma ɓarna ce, ko da mai binciken kuɗi ba ya rubuta ta.

Matasa masu sauraro, wannan sana'a ce, kuma ana neman masu ita. A ƙarƙashin wani shiri mai suna SPESSE, an kafa cibiyoyin koyar da ita a jami'o'i shida, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi, daga gajeren kwas har zuwa babban digiri. Ana son mai lissafi, mai iya kwamfuta, mai haƙurin karanta takarda shafi ɗari ba tare da ya tsallake layi ba. 'Yan matanmu da suka karanta akanta ko injiniya ko shari'a, ƙofar nan a buɗe take gare ku. Wanda kuma ya tashi a gona ya san lokacin shuka, yana da abin da aji ba ya koyarwa.

Sai ku, masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata. In an kafa allon aiki a garinku, ku sa yaro ya kwafe abin da ke jiki: sunan kamfani, irin aikin, ranar farawa da ranar gamawa. In babu allo, wannan ma abin tambaya ne. Kowane shirin Bankin Duniya dole ne ya kasance da hanyar karɓar ƙorafin jama'a, ku nemi jami'inta a ofishin jiha. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Ranar da aka kawo takarda aka ce mai gari ya sa hannu an karɓi aiki, ranka ya daɗe, kada a sa sai an kunna famfon an ga ruwa, sai an ƙirga dashen an ga da ransa. In kuma an ce muku akwai dashe bana, kada ku jira Yuli. Tun watan Janairu ku tura wakili ofishin shirin ya tambaya ko an ba da kwangilar reno, wa aka ba, kuma a wane gandu ake renon, don ku je ku gani da idonku.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.